Sunan da Ya Fito Daga Rijiya: Alhaji Isiyaku Kabafozi na Gumel

Haihuwarsa da asalin sunan

An haifi Alhaji Isiyaku Kabafozi a garin Gumel cikin bazarar shekarar 1931 Miladiyya, wadda ta yi daidai da ƙarshen 1349 Hijiriyya. Mahaifinsa shi ne Malam Buraima mahaƙin rijiya, mutumin ƙasar Damagaram, mahaifiyarsa kuwa Kaltume 'yar Gumel ce gaba da baya. Duk wanda ya ji sunansa na biyu sai ya tsaya ya sake tambaya. To ga yadda aka yi.

A wancan zamani hukuma ta ɗauko aikin haƙa rijiyoyin siminti a ƙasar Arewa, cikin waɗanda aka ɗora bisa aikin kuwa har da wani Ba'italiye mai suna Ettore Cavapozzi, wanda harshen mutanen Gumel ya mayar Kabafozi. Malam Buraima shi ne babban mahaƙinsa. Ana saura kwana tara a haifi Isiyaku, wata rijiya da suke haƙawa a yammacin gari ta rufta da Malam Buraima a zurfin gaba goma sha ɗaya. Jama'a suka yi salati, har an fara shawarar wanda zai je ya gaya wa Kaltume. Baturen nan kuwa ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da kansa yana kwasar ƙasa da ƙwarya tun hantsi har la'asar sakaliya, ya fito da mutuminsa da rai. A wannan aikin ne ya rasa yatsu biyu na hannun hagu.

Ranar suna Malam Buraima ya kafe sai ya yi wa mutumin nan takwara, liman kuma ya ce ba a yanka rago da sunan da ba na Musulunci ba. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta ɗaga, sannan aka yi sulhu: liman ya raɗa Isiyaku, gari ya kira Kabafozi. Shi kuwa Malam Buraima har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran ɗan nan da ko ɗaya daga cikin sunayen biyu ba, sai dai ya ce Maigida, saboda kunyar mai sunan.

Karatunsa

Ya fara karatun Alƙur'ani a zauren unguwarsu yana da shekara biyar, aka sa shi elementare ta Gumel a 1938. Da malamin rajista ya nemi sunan uba ko na gari, sai Malam Buraima ya zaro wata takarda daga hularsa, wadda Baturen ya rubuta sunan a kai da hannunsa, ya ce a kwafa harafi da harafi. Tun daga ranar sunan ya shiga takarda bai sake fita ba.

A 1940 yaƙin duniya ya raba Ingila da Italiya, aka kwashe Italiyawan da ke ƙasar nan aka tsare su a bayan teku. Isiyaku yana ɗan shekara tara ya ga an sa takwaransa a mota. Mutumin ya miƙo masa hannun nan mai yatsu uku, ya ce da Hausarsa mai gargada, "Takwara, ka riƙe mini sunan nan, ba mu da yawa." Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Isiyaku ya wuce makarantar midil ta Kano a 1943, daga nan ya yi karatun injiniyan ruwa a Kaduna. Abokan karatunsa ba irin tsiyar da ba su yi masa ba a kan sunan, har waƙa suka yi da shi. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce su bari su gaji.

Aikinsa da aurensa

Ya kama aiki da ma'aikatar ruwa ta Jihar Arewa a 1951, ya yi shekara talatin yana yawo tsakanin Haɗejia da Katsina da Fataskum da Sakkwato, duk inda ya sauka sai ya bar rijiya ko burtsatse. An shaide shi da raha da son ciyar da baƙi, da kuma taurin kai irin na mahaƙa, waɗanda in sun ce akwai ruwa a wuri ba sa fitowa sai sun taɓa laima.

A 1956 ya auri Hajiya Rekiya, ungozoma a asibitin Haɗejia, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya bakwai, dukansu kuwa da sunan aka sa su makaranta. Malam Buraima ya rasu a 1958. Wasiyyarsa ba ta wuce kalmomi kaɗan ba: ba shi da gona ba shi da shanu, ransa ma aro aka ba shi a cikin rami, saboda haka kada Maigida ya yar da sunan mutumin nan ko da wuya ko da daɗi.

Zuwansa Riyad

Bayan ya yi ritaya, wani kamfanin haƙar ruwa ya ɗauke shi aiki a ƙasar Saudiyya, ya sauka birnin Riyad a ƙarshen 1982, ya kama gida a unguwar Ulaisha tare da Hajiya Rekiya da ƙananan 'ya'yansu biyu. Murnarsa ba ta albashi ba ce. Bai taɓa zuwa Makka ba, ga shi yanzu Allah Ya kawo shi inda mota kawai zai hau.

Wakilin kamfanin da ke bin takardun ma'aikata ya karɓo masa iƙama, wato littafin izinin zama, mai bango ruwan ƙasa. Alhaji Isiyaku ya sa a aljihu ya yi godiya. Bai san cewa launin nan na waɗanda ba Musulmi ba ne, shi kuma wakilin sunan kawai ya gani a fasfo ya yanke hukunci, bai ko ɗaga kai ya dubi mutumin da ke sallah a bayansa kullum ba.

Shekarar jarrabawa

Cikin azumin 1983 ya kama hanyar Umra tare da maƙwabcinsa Mamane, wani direba mutumin Maraɗi. Sun yi wanka a miƙati, sun ɗaura harami, suna ta labbaika, sai ga shingen bincike. Ma'aikaci ya dubi littafin, ya dubi dattijo cikin farin harami da azumi a bakinsa, ya nuna masa hanyar da ake kewaye Makka. Ba irin bayanin da ba a yi ba. Haka ya juya garin Ɗa'if, ya yanka rago, ya yi aski, ya kwance haraminsa. Mamane ya ce tun da suke bai taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da ya dawo Riyad aka ba shi shawara iri biyu, kowace mai sauƙi. Ta farko, ya sake fasfo da sunan Isiyaku Buraima Gumel, cikin mako biyu komai ya daidaita, ya samu Hajjin bana. Abokai da yawa suka ce wannan ai ba abin tsayawa tunani ba ne, wa zai musanya Arfa da sunan Bature? Ta biyu, ya je kotu ya furta kalmar shahada a ba shi takardar sabon musulunta. Nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ban taɓa fita ba, balle in shiga."

Ta farkon ce ta dame shi ƙwarai, domin yana da shekara hamsin da biyu, kuma ba wanda ya yi alkawari da mutuwa. Ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki. Hajiya Rekiya ce ta raba gardamar, ta ajiye masa kwano ta ce, "Malam, ni dai Kabafozi na aura. In za ka sake suna sai ka sake biyan sadaki." Ya yi dariya har da ƙwarewa, ya cinye abincin, washegari ya gaya wa kamfani ya zaɓi doguwar hanya.

Doguwa ce kuwa. Sai da aka aika Gumel aka samo shaidar alƙali cewa ɗan Musulmi ne jikan Musulmi, aka fassara, aka buga hatimi a nan aka buga a can. Hajjin 1983 ya wuce yana kallon alhazai a talabijin. A watan Fabrairu na 1984 limamin masallacin unguwarsu ya raka shi kotu, aka nemi shaidu biyu, sai ga sahun farko gaba ɗaya sun biyo shi, Larabawa da Sudanawa da mutanen Damagaram, har ɗaki ya kasa ɗaukarsu. Aka gyara iƙama, sunan na nan daram, ko harafi bai ragu ba. A watan Satumba na wannan shekara ya tsaya Arfa shi da Hajiya Rekiya.

Binciken asalin sunan

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ranar shari'ar alƙali ya tambaye shi, wannan suna daga ina ya taso, su wane ne masu shi? Ya ba da labarin rijiya, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya ji kunya ƙwarai a ce ya sha wannan wuya saboda amanar da bai san masu ita ba.

Ya sami wani Ba'italiye mai awon ƙasa a kamfaninsu, ana ce masa Aldo, ya nuna masa sunan. Aldo ya ce duk rayuwarsa bai taɓa gamuwa da mai wannan suna ba, amma ma'anarsa a fili take: mai haƙa rijiya. Alhaji Isiyaku ya riƙe baki. Ashe shekara hamsin da uku yana yawo da sunan sana'ar ubansa bai sani ba!

Su biyun suka duƙufa. Alhaji na faɗa Aldo na rubutawa, suka aika wasiƙa arba'in da ɗaya zuwa ofisoshin garuruwa da majami'u. Yawanci ba amsa, waɗanda suka amsa kuma haƙuri suka ba da. Sai a watan Maris na 1986 wata ambulan ta iso daga wani ƙauye mai suna Montarso a cikin duwatsun tsakiyar Italiya, da rubutu mai karkarwa. Wadda ta rubuto ita ce Assunta Cavapozzi, 'yar shekara tamanin da biyar, ƙanwar Ettore.

Ga abin da ta bayyana. Sunan yana cikin littafin majami'ar ƙauyensu fiye da shekara ɗari uku, ya samo asali ne daga wani kakansu da ya haƙa rijiyar tsakar gari, zuriyarsa suka gaji sana'ar da sunan. Ko a zamanin ganiyarsu ba su taɓa wuce gida shida ba. Da ruwan famfo ya zo sana'a ta mutu, wasu suka yi ƙaura zuwa ƙasashen nesa suka sake suna, yaƙi biyu suka ci samarin, 'ya'ya mata kuma zuriyarsu ta bi sunan mazajensu. Ettore ya dawo gida a 1947, ya rasu a 1951 bai yi aure ba. Ta ce har ya mutu yana gaya wa mutane yana da takwara a ƙasar baƙar fata, ana ce masa zafin rana ne ya taɓa masa kai. Iyakar saninta ita kaɗai ta rage, tana zaton da ita za a binne sunan. A ƙarshen takardar ta yi tambaya ɗaya: ku nawa ne?

Alhaji Isiyaku ya zauna ya ƙidaya. Shi ɗaya, 'ya'ya bakwai, jikoki ta wajen maza tara, goma sha bakwai ke nan. Hajiya Rekiya ta leƙo ta ce ita fa, a kasuwa aka tsinto ta? Aka rubuta goma sha takwas.

Bayan wata biyu sai ga ƙunshi. A ciki akwai wata tsohuwar tagulla mai tsini wadda ake ɗaura wa igiya a zura a rami don a ga ko rijiya ta miƙe, wadda gidansu suke gadonta daga uba zuwa ɗa. Alhaji ya yanka raguna biyu, ya tara mutanen Ulaisha bayan sallar Juma'a, aka ci shinkafa aka yi ta miƙa tagullar hannu zuwa hannu. Mamane ya ce bai taɓa ganin an yi wa ƙarfe walima ba.

A watan Yuli na wannan shekara aka haifa wa babban ɗansa 'ya mace a Gumel. Alhaji ya aika da saƙo a yi yadda aka yi a 1931: liman ya raɗa Sauda, gari ya kira Asunta. Aka ɗauki hoton jaririyar aka aika Montarso. Tsohuwar ta rasu a farkon 1987, maƙwabtanta kuma suka rubuto cewa hoton yana jingine a gefen gadonta.

Rasuwarsa

Alhaji Isiyaku Kabafozi ya rasu a Riyad ranar Alhamis 16 ga Fabrairu 1989, cikin watan Rajab na 1409, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara hamsin da tara a ƙidayar Hijira da 'yan kai. An yi masa sallah bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Ud. Bisa al'adar ƙasar ba a rubuta suna a kan kabari, saboda haka mutumin da ya ba da Hajjin shekara guda don kada a goge sunansa yana kwance ƙarƙashin dutse biyu marasa rubutu, kamar kowa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ya bar matarsa Hajiya Rekiya da 'ya'ya bakwai: Buraima, wanda ake kira Abba, injiniyan ruwa a Gumel, shi ke riƙe da tagullar, Lurwanu, malamin makaranta, Kaltume, ungozoma, Abdulganiyu, likitan dabbobi, Balkissa, Sa'idu, da autarsu Biba. Ya bar jikoki ashirin da biyu. Masu amsa sunan a ranar da ya rasu sun kai ashirin da uku, ba ko ɗaya a Italiya. Cikinsu har da Sauda, 'yar shekara biyu da rabi, wadda in ka tambaye ta sunanta za ta tsaya ta gyara tsayuwa ta ce maka Asunta Kabafozi.