Ba Ƙasar da Ta Karɓe Mu Mu Uku

Ran nan da safe ina juya kifi a kan banda, 'yata Hauwa'u na goye. Mijina Adamu yana bakin tafki yana gyaran koma. Shi haifaffen Chadi ne. Ni 'yar Kano ce, fataucin kifi ya kai iyayena gaɓar tafkin Chadi ta ɓangaren ƙasarmu.

Da hantsi na fara jin babura. Da yawa. Sai harbi daga wajen kasuwa. Wani ya ɗaga murya: "Ku shiga ruwa!" Adamu ya fizgo hannuna. Kifin a kan wuta na bar shi. Muka faɗa kwalekwale, kowa ya kwanta, ko tari babu mai yi. Har la'asar muna jin ƙarar a bayanmu.

Washegari muka sauka a gaɓar Chadi. Masu rajista suka ce ni 'yar gudun hijira ce, in shiga sansani da goyona. Adamu kuwa ɗan ƙasa ne, wai ya tafi garinsu. Garinsu ɗin an ƙone shi tun bara. Kullum bayan azahar yakan zo jikin shinge, in miƙa masa tuwo ta ƙasa.

Aka ce a Nijar ba dole sai sansani ba, baƙo na iya zama cikin gari. Muka tafi. A can dukkanmu baƙi ne, muka kama ɗaki ɗaya. Na ɗauka mun huta ke nan. Sai aka kai hari kusa da mu. Aka hana cinikin kifi, aka fara tare maza baƙi a hanya. Adamu ya ce mu nufi Kano.

A iyaka aka ce da ni, "Wuce, kin dawo gida." Shi aka ce ya kawo takarda. Da ɗan Nijar ne da ya wuce, ɗan Chadi sai da fasfo. Ya ce gudun hijira yake. Aka ce akwai ofishin da ake neman mafaka, ofishin kuma yana cikin ƙasar da aka hana shi shiga. "Koma baya!" Adamu ya kwance rawaninsa, ya ƙara ɗaure min goyo da shi.

Yanzu ina unguwar Soron Ɗinki a Kano, wurin goggona. Na je neman taimako, aka ce ai ni ba 'yar gudun hijira ba ce, ƙasata ce. Lambar Adamu ta daina shiga tun kafin azumi.

Hauwa'u ta fara tafiya. Duk namijin da ya yi sallama a soro sai ta leƙa. Har yanzu da rawanin nake goya ta. Ya fara yagewa ta gefe.