Dutsen da Ban Ɗauka Ba

Lokacin da abin nan ya faru ni ɗalibi ne ɗan Damagaram, shekarata ta biyu a Lyon, ina karatun kimiyyar sinadarai. Ɗakina yana hawa na tara a wani dogon bene a unguwar Minguettes. Saurayi ne ni mai ji da kansa, mai ganin tun da ya ƙetare teku ya gama sanin duniya. Abu ɗaya nake ɓoye wa kowa, tsoron kare nake ba kaɗan ba.

Maƙwabcina wani tsohon Bafaranshe ne da ya ƙare ƙarfinsa a masana'antun Saint-Fons. Matarsa ta rasu, ƴaƴa ba sa leƙo shi. Ba shi da kowa sai wata baƙar karya mai faɗin kai, irin waɗanda doka ta ce kada a fito da su sai da takunkumi a baki. Kullum da safe ina hango su ta taga, can ƙasa a kan ciyawa, hazo ya rufe gindin benaye har ka ce unguwar tana yawo bisa ruwa. Tsohon ya sunkuya ya miƙe, karyar ta ruga ta dawo. Kallon yana sanyaya mini rai, amma ban taɓa kula da abin da yake ɗauka a ƙasa ba.

A benen namu kuwa gardama ba ta ƙarewa a kan karyar nan. Wata Hajiya ƴar Maraɗi mai fataucin atamfa ta dage cewa irin wannan kare a jininsa mugunta take, ko da madara aka raine shi wata rana sai ya nuna halinsa. Wani abokin karatuna ya ce kare halin ubangidansa yake ɗauka. Ni na bi bayan Hajiya, har ina ƙawata tsorona da kalmomin kimiyya don a ce malami ya yi magana.

Wata Jumu'a na sa farar rigar da innata ta aiko mini, na yanke ta kan ciyawa don kada in makara masallaci. Sai ga karyar ba takunkumi, ta tsaya tana dubana. A gida kowa ya san maganin kare: ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, nan take ya juya da gudu. Ban ma yi tunani ba jikina ya sunkuya. Maimakon ta gudu, sai ta sheƙo wurina, ta ɗora ƙafafu a ƙirjina, na faɗi, bakin daɓe ya yanke mini tafin hannu. Tsohon ya iso yana haki yana ba ni haƙuri, yana wata magana a kan ƙwallo, ni ko ba abin da nake ji sai kunya. Riga ta ɓaci da laka da miyau, salla ta wuce ni, kuma gani nake duk tagogin unguwar dariya suke mini.

Da yamma na tafi wurin ƴan sanda na ce karya ta cije ni. Na san ba haƙori ne ya taɓa ni ba, amma na sa hannu. Hajiya ta bi ɗaki ɗaki da takardar koke, aka cika ta. Da yake an sami tsohon da laifin cire takunkumi, hukuma ta ɗauke karyar. Sau ɗaya tsohon ya buga mini ƙofa, hularsa a hannu, ya ce shekara takwas ba ta taɓa cizon kowa ba, ya roƙe ni in sake duba raunin. Na ce masa magana ta bar hannuna. Daga baya na ji an yi wa karyar allurar mutuwa.

Shekaru suka ja, na sami aiki a Bobigny kusa da Paris, na yi aure. Wata Lahadi muna zaune da iyalina a wani lambu a Paris, rana mai laushi tana ratsa ganye, sai na ga wata mata ta sunkuya ta ɗauki ƙwallo, karenta ya taho a guje yana tsalle yana kaɗa wutsiya. Gudun nan na san shi. Shi ne wanda karyar tsohon ta yi zuwa wurina ranar Jumu'ar nan.

A makon na shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon don in nemi gafarar tsohon. Sunan wani daban na tarar a ƙofar ɗakinsa. Hajiya ta ce ya daɗe yana saukowa da safe shi kaɗai, ya tsaya a kan ciyawa da ƙwallon a aljihun kwat ɗinsa, sannan ya daina saukowa, aka kai shi gidan tsofaffi, a can ya cika.

Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin Hajiya da abokina ba, kuma akwai karnukan da ya kamata a kiyaye. Abin da na sani shi ne ƙaryata ce ta raba tsoho da abin da ya rage masa a duniya. Ƴan uwana da ke zaune a ƙasar mutane, kafin ku sa hannu a kan wani, ku tambayi kanku ko cutar da ku aka yi ko kunya ce kawai kuka ji. Ni har yanzu ina mafarkinta tana fitowa daga cikin hazo da gudu, babu fushi a idonta. Ni na kira ta wasa, ta amsa.