Shanun Kaka Tanko Masu Jin Turanci

Duk kun san Kaka Tanko ba ya iya karyawa da safe sai ya leƙa ta katanga ya ga abin da Malam Bitrus ya sayo. Tare suka tashi, gonakinsu na jere a hanyar Bakori, sai dai Malam Bitrus ya yi makarantar mishan har ya zama malamin awon auduga, shi kuwa Kaka garma ya riƙe. Malam Bitrus ya sayi rediyo, Kaka ya sayo wadda sai mutum biyu sun kama. Ya sayi keke, Kaka ya sayi irinsa, ya ɗaura masa ƙararrawa har uku. Ranar da aka cire wa Malam Bitrus haƙori a asibiti kuwa, wallahi sai da muka rirriƙe Kaka!

Turanci ne kawai ya gagare shi. Ba a sayar da shi a kasuwar Funtua, don ya tambaya.

Da na dawo hutu daga sakandare a Malumfashi, ya ritsa ni a zaure.

"Kai ja'iri, zuba min Turancin nan. Sau ɗaya dai in fi Bitrus kafin in mutu."

"Tsoho, da wannan bakin naka da ba haƙora?"

"Waɗanda suka rage sun isa su cije ka."

Na fara masa da kalmomin nan masu tafiya bibbiyu. Na ce get up tashi ne, get in shiga, get down sauka, get out fita.

Ya riƙe haɓa. "Duk da get ɗin nan guda? Kai, Bature da rowa! Gida guda cur, fartanya ɗaya ake karɓa-karɓa!"

A kan kakata Iya ya fara gwaji. Tana shigowa da tuwo ya daka mata tsawa, "Gerawut!" Iya ta tambaye ni me ya ce, ni kuwa na fassara mata har da ƙari. Ya daɗe yana cin gayan tuwo.

Sai ya koma kan shanun huɗarsa, wai su ba sa riƙo. "Gerof!" su miƙe. "Kamon!" su ja garma. "Tambak!" su juya a ƙarshen kunya. Da suka ƙware, ya gayyato Malam Bitrus kallo. Mutumin ya yi ta tafi yana cewa, "Madalla, Tanko! Ka burge ni!"

Kaka ya dawo gida yana huci. "Kun ga mugun mutum? Ko fuska bai ɓata ba! Murna ma yake taya ni!"

Da daminar bara ciwo ya kwantar da shi. Ruwa ya zauna, kowa ya yi huɗa ban da mu, don shanun sun manta Hausa. Babana ya yi tsawa har muryarsa ta dishe, suna kallonsa suna tuƙa. Ni ma na gwada, suka raina ni.

Malam Bitrus ya tuɓe riga ya kama garma. Tsawa ɗaya ya yi musu da Turanci suka ja, a gabana ya huɗe gonar tas. Ya wanke ƙafa, ya shiga ɗakin Kaka ina biye.

"Tanko, shanun nan naka sun ƙi jin Turancina. Da ƙyar yara suka lallaɓa su. Ka fi ni."

Na buɗe baki, Malam Bitrus ya take min ƙafa.

Kaka da ba ya iya ɗaga kai, sai ga shi zaune. "Me ka ce? Tsaya tukuna! Kai ja'iri, kira Iya da mutanen zaure. Bitrus, maimaita da ƙarfi!"

Ya maimaita, har ya sake maimaitawa. Ba a yi girbi da Kaka ba. Ranar jana'iza Malam Bitrus na tsaye a gefe da hularsa a hannu, ya fi mu kuka.

Allah Ya jiƙanka, tsohona, Ya sa ka inda ba abin da za ka nema ka rasa. Amin.