Adda Dudu, Mai Jiran Amsa Ta Biyu

Ina tankaɗen garin masara da hantsin ranar Laraba wayata ta yi ƙara. Rifkatu ce, abokiyar aikina. Ba ta gaishe ni ba, kuma wannan ba halinta ba ne. Ta ce, "Falmata, in kina tsaye ki zauna." Na ce a zaune nake. Ta ce, "Adda ta tafi." Na ce, ta tafi Yola? Domin na san ana shirin kai ta ganin likita saboda hawan jini. Sai Rifkatu ta fashe da kuka, a nan na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in sami keke in isa gidansu an riga an yi mata wanka, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta.

Sunanta Malama Dudu, amma duk wanda ya yi aiki da ita Adda yake ce mata, wato yaya da Fulatanci. Ta koyar a firamare har ta yi ritaya. Daga nan ta kama aikin jin ra'ayin jama'a, ta zama shugabar mu mata masu shiga gidaje a Mubi da kewaye muna tambayar mutane yadda suke ganin gwamnati da shugaban ƙasa.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, kuma akwai ɗalibanta da suka fi ni iya magana. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da na ji a zaman makoki, washegarin rasuwar. Wasu mata biyu suna zaune a bayana. Ɗaya ta rage murya ta ce, "Allah ya jiƙanta dai, amma ai kowa ya san aikinta. Bi gida-gida tana rubuta masu zagin gwamnati." Ɗayar ta ce, "Ni kuwa an ce min 'yan adawa take yi wa." Ummi, autar Adda, wadda aka yi wa aure bara, tana miƙa wa mutane ruwa a lokacin, kuma ta ji. Da yamma ta ja ni bayan ɗaki, idonta jawur, ta ce, "Anti Falmata, don Allah ki gaya min gaskiya. Mama tana kai sunayen mutane?" Na ce a'a, wallahi a'a. Amma kuka ya ci ƙarfina, ban iya ƙara komai ba, kuma na ga amsar ba ta kwantar mata da hankali ba. Adda ba ta kai maganar aiki gida, don haka 'ya'yanta ba su san abin da na sani ba. To ga abin da na sani.

Na haɗu da ita bayan mun dawo daga gudun hijira. Shagon mijina ya ƙone, bai daɗe ba shi ma ya rasu, ya bar ni da yara. Wata rana a bakin famfo rigima ta tashi a kan layi, na shiga raba faɗa, ina yi wa wannan Barbarci, ina yi wa waccan Fulatanci, ina haɗawa da Hausa. Adda tana gefe da jarkarta tana kallo. Da aka watse ta ce, "Ƙanwata, kina iya karatu?" Na ce, "A hankali, Malama." Ta ce, "Mai a hankali nake nema."

Aikin ba shi da wani ɓoye. Wani kamfanin bincike ne yake aiko da tambayoyi a wayar aiki. Su suke zaɓar unguwa, kuma akwai ƙa'idar tsallake gidaje, don kada ki zaɓi gidan ƙawarki. Babbar tambayar ita ce, kin gamsu da yadda shugaban ƙasa yake tafiyar da mulki? Mutum zai zaɓa: na gamsu ƙwarai, na gamsu, ban gamsu ba, ban gamsu ba sam, ko ban sani ba. Babu wurin rubuta suna. Amsar Mubi takan je ta gauraya da ta sauran garuruwa kamar hatsi a buhu, sai daga baya a ji a rediyo an ce farin jinin shugaba ya hau ko ya sauka.

Ranar farko Wuro Patuji muka je. Muka sami wata dattijuwa tana dama fura a inuwa. Adda ta ce in yi tambayar da kaina. Na karanta. Dattijuwar ta ce, "Alhamdulillahi." Na kai yatsa zan danna na gamsu, sai Adda ta riƙe min wuyan hannu. Ta gyara zama, ta yaba zanen ƙwaryar, ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin kunya. Can sai dattijuwar ta ajiye ludayi ta fara magana a kan tsadar dusa, da burtalin da aka nome, da jikanta da ya gama makaranta yana zaune. Da ta gama Adda ta sake karanta mata amsoshin ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci, ta ce, "Inna, wanne zan danna miki?" Ta ce, "Ban gamsu ba."

Da muka fito Adda ta ce min, "Falmata, in kika tambayi mutumin garin nan ya jiki yana kan gadon asibiti, me zai ce?" Na ce Alhamdulillahi. Ta ce, "To, Alhamdulillahi ta Allah ce, gwamnati ba ta da rabo a ciki. Ki bar ta ta wuce wurin Mai ita, ki jira amsa ta biyu."

Kada wani ya ɗauka ƙorafi take farauta. A wannan yinin muka shiga gidan wani mai ɗinki da ya yi ta kukan tsadar mai har na gaji da tsayuwa. Na tabbata ban gamsu ba zai ce. Da Adda ta karanta masa amsoshin sai ya ce, "Duk da haka yanzu ina kwana a ɗakina, ba a kan dutse ba. Ki sa na gamsu." Haka ta sa. Takan ce mai awo ba ta tura yatsa cikin mudu, ko don mai saye ko don mai sayarwa.

Wannan jiran ya sa mun fi kowa jinkiri. Daga ofis akan kira a ce sauran garuruwa sun gama. Sai ta ba su haƙuri, ta ce mutanenmu ba sa buɗe baki sai sun ga an zauna, kuma daga baya suka saba da ita suka ƙyale mu. A shekarun nan kuwa ba abu ne mai sauƙi ba baƙo ya tsaya a ƙofar mutum yana tambaya a kan gwamnati. Mun ga abin da muka gani, kowa yana tsoron inuwarsa. A garin Uba wani mai shayi ya hango mu ya ɗaga murya, "Jama'a a gyara baki, ga 'yan rahoto sun iso!" Adda ta nufi teburinsa kai tsaye ta ce, "Ɗana, rahoton farko da zan kai shi ne madararka ruwa ce." Aka yi ta dariya, shi ma ya dara, ya share mana benci. Kullum takan juya wa mutum fuskar wayar ya gani da idonsa cewa babu suna, wanda bai iya karatu ba ta ce ya kira wanda ya yarda da shi ya duba masa. Wanda ya ce ba zai amsa ba, ta yi masa godiya mu wuce.

Ina kewar waɗannan ranaku. Mukan zauna ƙarƙashin tsamiya da azahar, Adda ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa, Rifkatu ta tsare mana jakunkuna mu yi salla. Adda ba ta taɓa sa mu shiga ƙauyen Kirista da safiyar Lahadi ba, ko gidan Musulmi ana shirin Juma'a. Ni da Rifkatu mun sha yi mata dabara mu ji wanda take so a siyasa. Rifkatu takan ce, "Adda, yau dai mu ne za mu danna miki. Kin gamsu ko ba ki gamsu ba?" Sai ta ce, "Na gamsu da gyaɗar nan, ban gamsu da surutunki ba." Har ta koma ga Allah ban san wa ta zaɓa ba ko sau ɗaya.

Na san inda jita-jitar ta samo asali, domin ina wurin. Ana gab da wani zaɓe, wani jigon jam'iyya ya zo gidanta da buhun shinkafa. Tsohon ɗalibinta ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, ba wani abu nake so ba. Ki ɗan nuna mana unguwanni da gidajen da suke guna-guni, don mu je mu lallashe su." Adda ta zuba masa shayi, ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kai har yanzu ba ka daina leƙen takardar na kusa da kai ba? Tun kana aji biyu nake fama da kai." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta sa direbansa ya mayar da buhun mota. Ba a jima ba muka fara jin wai 'yan adawa take yi wa aiki, su kuma 'yan adawan dama sun daɗe suna cewa 'yar gwamnati ce. Na yi fushi, na ce ta fito ta kare kanta. Ta ce, "Da wane baki? Kunne muka ba mutane aro, ba baki ba."

Wannan shi ne abin da na so in gaya wa Ummi na kasa. Amma Allah ya turo wanda ya fi ni. Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, aka ce wani tsoho yana ƙofa yana so ya gaida 'ya'yan marigayiya. Aka shigo da shi har bakin rumfar mata. Ya cire hula, yana riƙe da ɗan buhun wake. Na gane shi. Baba Vandi ne, manomi, mutumin duwatsun Michika da yake zaune a wajen Bahuli. Damina biyu da suka wuce, ƙa'idar tsallake gidaje ta faɗa a kan gidansa, ya fito mana da fartanya a hannu, sai da Adda ta zauna a kan dutse ta jira ya huce.

Ya tambaya wace ce 'yarta, aka nuna masa Ummi. Ya yi magana da irin Hausarsa, da ƙarfi, kamar mai kira daga wancan gefen gona. Ya ce, "Yarinya, maman ka ya zo gidana. Ya tambaye ni gwamnati. Na ce mun gode Allah. Ya zauna, bai tashi ba. Sai na zagi gwamnati, na zagi shugaba, taki babu, hanya babu, na zaga har bakina ya bushe. Na ce masa, rubuta sunana, Vandi, ba na tsoro! Ya ce babu wurin suna." Wasu mata suka yi murmushi cikin hijabi. Ya ci gaba, "Da ya tafi, tsoro ya kama ni. Na bar gida, na koma bukkar gona, ina jiran mota ya zo ya ɗauke ni. Matana yana kawo min abinci a ɓoye. Na jira, na jira, babu mota. Ranar kasuwa na gan shi a Mubi, na so in ɓuya. Ya gaishe ni, ya Baba, ya gida, ya damina, kamar bai taɓa jin komai a bakina ba. Tun da aka haife ni, babu wanda ya tambaye ni gwamnati sai shi. Kuma bai sayar da ni ba."

Ya ajiye waken a gaban Ummi, ya ce ba shi da abin da ya fi wannan. Matan nan biyu da suka yi waccan maganar suna nan zaune. Ɗaya ta sunkuyar da kai, ɗayar ta ci gaba da jan carbinta, ban san abin da ke zuciyarta ba. Ummi ta durƙusa har ƙasa ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Baba, mun gode, Allah ya saka." Sannan ta juyo ta dube ni, hawaye suna zuba, ta ce, "Anti, a ɗora waken nan yanzu. Shi za a fara rabawa."

Ya Allah, ga baiwarka Dudu ta zo gare ka. Ta rufa wa bayinka asiri a duniya, ka rufa mata asiri a lahira. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata mata kabari, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka ba Ummi da yayyenta da jikoki haƙurin wannan rashi, ka haɗa kansu, ka tsare su daga bakin mutane. Ka yafe wa waɗanda suka faɗi abin da ba su sani ba. Ka zaunar da Mubi da ƙasarmu lafiya, ka ba shugabanninmu kunnen jin talaka. Mu da muka rage, idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.