Layukan Gargaɗi a Kwamfutocin Miga

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci, ina aikin buga takardu a wata ma'aikata a Dutse. Yayana malamin kwamfuta ne, sai shanyewar ɓarin jiki ta kama masa hannun dama. Don haka idan na tashi aiki bayan la'asar nakan biya gidansa, yana faɗa ina bugawa.

Wata makaranta a Miga ta samu kyautar tsofaffin kwamfutoci, amma saboda nauyinsu wajen aiki malamai suka daina kunna su. Aka kawo wa Yaya ɗaya. Ya yi makonni yana karanta rubutun da ke can cikin zuciyar tsarin, wanda ke tafiyar da injin gabaɗaya. Ya bayyana mini cewa akwai layuka masu duba ko wani abu ya lalace, kuma wasunsu sai sun haɗa saƙon gargaɗi tsaf kafin su duba, ko da lafiya lau ake. Wannan wahalar banza ce ke cin ƙarfin injin.

Na ce to mu goge su mana, kowa ya huta.

Ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. "Ƙanwata, ran da abu ya lalace, wa zai gaya mana? Duba za su ci gaba da yi. Saƙon ne za mu ajiye gefe sai an buƙace shi."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban san ma'anar rabin alamomin ba, kuma in na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya nuna wurin da haɓa. Maɓallin ƙarshe kaɗai nake bar masa, ya danna da yatsan hagu.

Injin bai yi wani gudun a-zo-a-gani ba, amma ya yi sauƙin da malamai suka koma aiki da shi. Bayan damina wani malami ya zo da takarda, ya kwafo gargaɗin da kwamfutar ta nuna. Yaya ya karanta ya ce faifan ajiyarta ne zai mutu, a kwashe sakamakon ɗalibai da wuri. Jikinsa ba zai ɗauki hanya ba, sai ya koya mini abin da zan yi, ya sa na maimaita har ya gamsu.

Ran Asabar na shiga mota ni kaɗai, na je na kwashe komai lafiya. Da na dawo na same shi zaune a ƙofar gida. Kafin ya tambayi aikin, sai da ya tambaya ko sun ba ni abinci.