Tsohuwar da ta gane romonta

A ƙaramin gidan abincin layinmu a birnin Chiang Mai, wata tsohuwa tana zaune gaban kwanon khao soi, taliyarmu mai romon kwakwa. Hannuwanta duk tabon ƙuna ne, irin na wadda ta tsufa a bakin murhu. Ta kurɓi romon, ta ƙura wa allon da aka rubuta "Girkin Kakata" ido, sannan ta kira mai wurin.

"Sopit, shekara tara kina yanka albasa a rumfata. Ko sunana ba ki iya rubutawa?"

Sopit ta yi murmushin 'yan kasuwa. "Goggo, a ƙaro miki yaji?"

Tsohuwar ta ci gaba da cin taliyarta. Ina jin abin da ya fi ƙona mata rai shi ne romon bai gaza nata da komai ba.