Jiƙaƙƙen Buhun Kaka

Wata ranar kasuwar Filinge, cikin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga rijiya da tulu a kai na tarar da Kaka, mahaifiyar Babana, tana jiƙa buhun algarara a ƙofar ɗakinsa. Ban kawo komai a raina ba. Haka take yi wa randarmu kullum, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, kafin azahar ruwa ya yi sanyi.

Baba malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma a ɗakin nan yake ajiye wata tsohuwar kwamfuta da abokinsa ya bar masa a Yamai. Aro Baba ya ba da ita ga wasu masana na ƙasashen waje masu sauraren sararin sama. Su turo mata ƙarar da suka kamo ta layin tarho, ita kuma ta wuni tana tacewa, ko a dace da alamar wata halitta can bayan taurari. "Gayya ce," yakan ce, "kowane gida da ɗan abin da zai nome." Mu kuwa muka sha wahalar gayyar. Fanka ɗaya ce a gidan, na'urar aka juya wa ita, mu muna gindin itacen bedi muna fifita da faifai. In wuta ta ɗauke, ƙawayena na carafke a waje, ni ina tsugune ina jiran ta dawo in kunna. Na gaji da na'urar nan tun kafin in san amfaninta.

Ran nan fankar ta tsaya, Baba kuma ya tafi kasuwa neman irin wake. Kaka ta taɓa na'urar ta ji zau, sai ta lulluɓe ta da buhun, ta ƙara mata ruwa moɗa guda don alheri. Da Baba ya dawo, ƙauri ne ya tarbe shi. Ya ɗaga buhun, ruwa na ɗiga daga tebur.

"Jikinta na ji da zahi kamar mai masassara," in ji Kaka. "Nic ce kar ta mace maka."

Mutum ba ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya. "Kin kyauta, Inna," ya ce, ya fita ya shanya buhun da kansa.

Ya kai ta Yamai gyara ba ta tashi ba, ba shi kuma da halin wata. Aka gyara fanka ta dawo gare mu, na yi murna har raina. Sai daga baya na lura Baba ya daina saurin dawowa gida in an tashi lakwal.

Yau a Yamai nake, wayar hannuna ta fi na'urarsa ƙarfi nesa ba kusa ba, amma in na dawo aiki a gajiye, farashin shinkafa kawai nake dubawa a cikinta. Baba ya rasu bai ji ko an dace da alamar halittar ba, ni kuma ban taɓa samun sukunin tambaya ba.